ALLON DA KE GABAN MATUƘIN KUMBO, DA DARASIN DA KE CIKINSA GA DIREBOBINMU

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

A cikin watan Maris, lokacin da zafin rana ya kai matuƙa a Suleja, na shiga wata motar haya zan tafi Abuja. Na sami gidan gaba, kusa da direba. Tun ba mu bar gari ba na lura da wata 'yar takarda mai danƙo da aka manna a gilashin agogunan motar, daidai inda jar fitila take. Da na tambaya, sai direban ya ce wai fitilar ta shekara tana kamawa ba dalili, ta dame shi, shi ya sa ya rufe ta. Ga rana ta dallo kan gilashin, ga ƙura ta kwanta, har allurar agogon zafi ma ba a ganinta sai an sunkuya. Muna isa gindin Dutsen Zuma, wajen Madalla, sai tururi ya turnuƙe daga gaban mota. Ruwan lagireto ya ƙone ƙurmus. Muka fito muka yi awa biyu a gefen titi. Motar dai ta faɗi ciwon da ke damunta tun da wuri, mai ita ne bai gani ba.

Allah ya taƙaita, abin ya tsaya ga ɓata lokaci. To, amma mai karatu ya ƙaddara wannan mota tana gudun kilomita 28,000 a awa guda, a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, inda babu gefen titi, babu bakanike, babu ko iskar shaƙa in an buɗe ƙofa. Halin da 'yan sama jannati suke ciki ke nan. Saboda haka ne ƙasashen da ke harba kumbo suka shafe fiye da shekara sittin suna nazarin yadda za a tsara allon da ke gaban matuƙi. Abin da nake kira allo a nan shi ne duk wata hanya da na'ura ke bi ta sanar da mutum halin da take ciki, watau agogo mai allura, da fitilar gargaɗi, da gilashi irin na telebijin, har da ƙararrawa.

Kada 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca su ce wannan zancen Turawa ne. Ɗakin da ake lura da taurarin ɗan Adam na Nijeriya yana nan a maƙwabtanmu, tafiyar kamar awa guda a mota daga Suleja.

KUMBUNANMU DA MASU TUƘA SU DAGA ƘASA

Waɗanda suka daɗe da barin gida za su tuna cewa asalin sunan wannan gari namu Abuja. Bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi ran 3 ga Fabrairu 1976 ta kafa sabon babban birni, sai aka ba birnin sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A wannan sabon birni, a unguwar Lugbe da ke kan hanyar filin jirgin sama, nan ne hedkwatar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda ake kira NASRDA, da aka kafa a 1999. Nan kuma kamfanin gwamnati na NIGCOMSAT yake. Hukumar tana da rassa a wasu wurare, kamar Jos, da Toro ta Jihar Bauchi, da Epe ta Jihar Legas.

Ran 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Wani kamfani na Surrey a Ingila ne ya ƙera shi, aikinsa kuwa ɗaukar hoton ƙasa. A watan Mayu 2007 aka harba NigComSat-1, na sadarwa, daga ƙasar Sin. Ran 17 ga Agusta 2011 aka harba guda biyu a tare, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wannan na biyun kuwa injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu yayin da suke samun horo a Ingila.

Babu mutum ko ɗaya a cikin waɗannan taurari. Matuƙansu suna zaune a ƙasa ne, kuma tun daga ranar da aka harba tauraro ba za su sake ganinsa da ido ba har abada. Duk abin da suka sani game da shi, ƙarfin batirinsa, da zafin jikinsa, da inda ya fuskanta, da sauran man da ke cikinsa, ta allo suke sani. Tauraro mai ɗaukar hoto yana kewaya duniya a nisan kamar kilomita 700, kuma in ya ɓullo ta saman tasha, kamar minti goma kawai zai yi ya ɓace. A cikin wannan ɗan lokaci ne ma'aikaci zai duba lafiyarsa, ya aika masa da umarni, ya karɓi hotuna. In lambar da ke nuna matsala ta ɓuya a tsakiyar ɗaruruwan lambobi, sai a jira wani zagayen.

Mun ɗanɗani asarar kumbo. A watan Nuwamba 2008, bayan kamar wata goma sha takwas yana aiki, NigComSat-1 ya mutu, saboda fukafukansa masu tara wuta daga hasken rana sun sami matsala. Cutar tana jikin tauraron ne, a nisan kilomita 36,000, inda hannu ba ya kaiwa. Ta lambobin da ke kan allo aka ga wuta tana raguwa har ta ƙare. Sai ran 19 ga Disamba 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R.

INDA ILMIN YA SAMO ASALI

Wannan ilmi daga jirgin sama ya faro. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun yi ta fama da wani irin hatsari a jirginsu na yaƙi mai suna B-17. Matuƙi zai sauko lafiya, jirgi yana gudu a kan fili, sai kawai ya naɗe tayoyi, jirgi ya kwanta a kan cikinsa. Aka yi ta rubuta cewa laifin matuƙi ne. A 1943 wani matashin jami'i masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga jirgin ya duba. Sai ya tarar makunnin tayoyi da makunnin 'yan faifan da ke bayan fukafuki suna kusa da juna, kuma kamarsu ɗaya. Mutumin da ya dawo daga fagen fama a gajiye, hannunsa zai kai ga wannan alhali wancan yake nufi. Sai aka sa wa makunnin tayoyi ɗan ƙaramin taya na roba, ɗayan kuma aka ba shi wata siffa dabam, yadda ko a cikin duhu hannu zai bambanta su. Hatsarin ya kau. Darasin da aka ɗauka shi ne, in mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a tuhumi maƙeri tukuna.

Da aka zo kan kumbo, tambayar farko ita ce ko mutum zai iya karanta allo ma a can sama. Lokacin da Rasha ta harba Yuri Gagarin ran 12 ga Afrilu 1961, likitoci ba su tabbata hankalin mutum zai zauna daidai a inda babu nauyi ba. Saboda haka aka kulle abin tuƙin da wasu lambobi uku na sirri, aka rufe su cikin ambulan, bisa cewa in har ya iya buɗewa ya danna su daidai, to hankalinsa yana tare da shi. Ya yi minti 108 ya dawo lafiya. A gabansa kuwa an sa wata 'yar ƙwallo mai taswirar duniya, tana juyawa da kanta, tana nuna masa ƙasar da yake samanta. Ba ya bukatar lissafi, kallo ɗaya ya wadatar. Rashawa sun ci gaba da amfani da irin wannan ƙwallo a kumbunansu har zuwa 2002.

GARGAƊIN DA BA A GANE BA

Ran 20 ga Yuli 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna gangarawa kan wata a kumbon Apollo 11. Kwamfutarsu tana da ɗan allo mai koren lambobi da manyan maɓallai 19, an yi su manya don mai sanye da safar hannu. Ba ta rubuta kalma, sai lamba. Ana tsakiyar sauka sai fitilar gargaɗi ta kama, allo ya nuna 1202. Su duka biyun ba su san ma'anarta ba. Armstrong ya nemi bayani daga Houston. Abin da ya cece su shi ne wani injiniya ɗan shekara 24, Jack Garman, wanda ya riga ya rubuta dukan lambobin gargaɗi da ma'anarsu a takarda ya ajiye a kan teburinsa. Ya duba ya ga cewa aiki ne ya yi wa kwamfutar yawa, tana ajiye ƙananan ayyuka don ta riƙe manya, aka ce su ci gaba. Sau biyar gargaɗi irin wannan ya kama. Hankalin Armstrong ya tafi kan allo, bai duba taga ba, kuma da ya ɗaga kai sai ya ga kumbon yana dosar bakin wani rami mai manyan duwatsu. Dole ya karɓi tuƙi da hannu ya nemi wani wurin, ya sauka mai ya kusa ƙarewa.

Wata huɗu bayan haka, ran 14 ga Nuwamba 1969, aradu ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu cikin minti na farko da tashinsa. Fitilun gargaɗi suka kama kusan gaba ɗaya, har kwamandan, Pete Conrad, ya rasa wadda zai fara dubawa. A ƙasa ma lambobin da ke zuwa kan allo suka rikice. Wani injiniya mai suna John Aaron ya tuna ya taɓa ganin irin wannan rikicewa a lokacin gwaji, ya ce a juya wani makunni da ba a cika taɓawa ba. Kwamanda bai san inda yake ba, Alan Bean ne ya tuna. Da aka juya shi sai lambobi suka dawo, aka gane abin da ya lalace, aka ci gaba da tafiya.

Daga waɗannan aka fitar da ƙa'idojin da ake bi yau. Gargaɗi ya faɗi abin da ya faru cikin kalmomin da mutum zai gane. A jera shi bisa girman hatsari, ja ga abin da zai iya kisa nan take, rawaya ga abin da zai iya jira kaɗan. A haɗa launi da sauti, domin akwai maza da dama da idonsu ba ya bambanta ja da kore sosai. Kuma kada gargaɗi ya riƙa kamawa ba dalili, domin ƙararrawar da ta saba yin ƙarya, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai kula ta. A Tashar Sararin Samaniya ta Duniya, wadda mutane ke zaune a cikinta tun Nuwamba 2000, abu uku aka ware a matsayin gaggawa mafi girma: gobara, da zubewar iska, da gurɓatar iska da guba. Ran 14 ga Janairu 2015 ƙararrawa ta nuna alamar gubar amoniya ta shiga ɓangaren Amurka. Ma'aikatan suka sa abin rufe fuska, suka koma ɓangaren Rasha suka rufe ƙofa. Daga baya aka gano na'ura ce ta yi kuskure. Sun amsa gargaɗin nan take domin ba abin da suka saba ji kullum ba ne.

JIKIN MUTUM DA YANAYIN DA YAKE CIKI

Mai ƙera allo yana zaune a ofis mai sanyi, kan kujera mai laushi, bayan ya yi barci ya ƙoshi. Mai amfani da allon kuwa yana cikin wani hali dabam.

Na farko akwai nauyi. Lokacin tashi da lokacin dawowa, jikin ɗan sama jannati yakan yi nauyi sau uku ko huɗu bisa yadda yake a ƙasa. Ɗaga hannu ma aiki ne, ga shi an ɗaure shi tamau a kujera. Shi ya sa a kumbon Soyuz na Rasha kwamanda yake riƙe da 'yar sanda, da ita yake danna maɓallan da hannunsa ba ya kaiwa. A kumbon Orion na Amurka kuwa an sa abin sarrafa allo a kusa da hannun kujera, don kada sai an miƙa hannu.

Na biyu girgiza. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta saƙon waya a bayan tirela a kan hanya mai ramuka ya san yadda rubutu ke rawa. Lokacin da Amurka ke shirin wata roka mai suna Ares I, wadda aka soke a 2010, lissafi ya nuna za ta riƙa jijjiga matuƙa kamar sau 12 a daƙiƙa guda. Masu bincike a cibiyar Ames ta hukumar NASA suka ɗora mutane kan kujera mai girgiza, suka ga karatu ya yi musu wuya. Maganin da suka samo shi ne a sa hasken allon ya riƙa ƙiftawa daidai da bugun girgizar, sai ido ya ga kamar rubutun yana tsaye. Ban da wannan, ana ƙara girman haruffa, a rage yawan abin da ake nunawa a lokacin tashi.

Na uku ƙara. Ran 24 ga Yuli 1975, 'yan sama jannatin Amurka uku suna dawowa daga haɗuwar da suka yi da Rashawa a sama. Saboda hayaniyar iska da ta cika kumbon, aka tsallake wasu makunnai biyu da ya kamata a juya. Hayaƙin mai mai guba ya shiga ɗakinsu, ɗayansu, Vance Brand, har ya suma na ɗan lokaci, kuma duka ukun sai da suka kwanta asibiti a Hawai.

Na huɗu haske. Tashar sararin samaniya tana kewaya duniya cikin kamar minti 90, watau rana tana fitowa tana faɗuwa sau 16 a kwana guda. Yanzu hasken rana mai kashe ido ya shigo ta taga ya wanke allo, an jima kaɗan duhu ya rufe. Dole allo ya karantu a hali biyun, kuma kada haskensa ya hana mutum ganin waje in dare ya yi. Wannan sauyi yana kuma ɓata barci, shi ya sa daga 2016 aka fara sauya fitilun tashar da wasu da ake iya canza launin haskensu gwargwadon lokacin aiki ko na kwanciya.

Na biyar idon kansa. Inda babu nauyi, ruwan jiki yakan taru wajen kai, ya matsa wa bayan ido. Da yawa daga waɗanda suka yi watanni a sama sukan tarar ganin kusa ya ragu, har ana ajiye musu tabarau a tashar tun kafin su bukata. Ashe haruffan da mutum ya karanta sarai a ƙasa, bayan wata huɗu a sama suna iya yi masa ƙanƙanta. Bugu da ƙari, a can babu sama babu ƙasa, mutum na iya zuwa wa allo a kife. Saboda haka ake jera fitilu a gefe guda a ce nan ne rufi, a kuma sa dukan rubuce-rubucen bango su fuskanci waje ɗaya.

KARON DA AKA YI A 1997

Babu labarin da ya tara waɗannan abubuwa wuri guda kamar na tashar Rasha mai suna Mir. Ran 25 ga Yuni 1997, aka umarci kwamandan tashar, Vasily Tsibliyev, ya jawo wani kumbon kaya maras matuƙi ya haɗa shi da tashar, yana tuƙa shi daga nesa. Abin da ke gabansa shi ne ɗan telebijin mai nuna hoton tashar kamar yadda kyamarar kumbon kayan ke hango ta. Na'urar da ke auna nisa da gudu kuwa an kashe ta, don ana zaton ita ta ɓata hoton telebijin a gwajin da aka yi a baya. Saboda haka sai ya riƙa kintatar nisa daga girman hoton. A bayan hoton kuma ga gizagizan duniya, tashar ta saje da su. Abokan aikinsa biyu, Aleksandr Lazutkin da Michael Foale, suka yi ta leƙe ta tagogi ba su hango kumbon ba sai da ya iso kusa.

Shi kansa kwamandan ya yi wata huɗu a sama, ya sha fama da gobarar da ta tashi a tashar a watan Fabrairu, da gyare-gyare ba dare ba rana, ga ƙarancin barci. Kafin ya gane kumbon yana zuwa da gudun da ya wuce kima, birki ya riga ya makara. Kumbon ya daki wani ɗaki mai suna Spektr ya huda shi, iska ta fara zuba waje. Da ƙyar suka cire wayoyin da suka ratsa ƙofar ɗakin suka toshe ta. Ba a rasa rai ba, amma an rasa ɗakin, an kuma rasa wajen rabin wutar tashar. Da farko an so a ɗora wa kwamandan laifi shi kaɗai. Amma duk wanda ya dubi lamarin zai ga an ba gajiyayyen mutum allon da ba ya nuna abu biyun da ya fi bukata, watau nisa da gudu.

GILASHI, MAƁALLI DA HARSHE

Kumbon Amurka mai fukafuki, wanda ya fara tashi ran 12 ga Afrilu 1981, yana da makunnai da agoguna fiye da 2,000 a ɗakin matuƙa. A shekarar 2000 aka tashi da na farko da aka sauya wa tsofaffin agoguna da alluna 11 masu launi. Ran 30 ga Mayu 2020 kuwa kamfanin SpaceX ya harba Bob Behnken da Doug Hurley a kumbon Dragon, wanda alluna uku ne a gabansu, irin na wayar hannu da ake shafawa da yatsa, aka kuma ɗinka musu safar hannu da gilashin ke amsawa. Amfanin wannan shi ne allo ɗaya yana nuna abin da ake bukata a kowane mataki, ya ɓoye sauran. Illarsa kuwa, gilashi sumul yake, yatsa ba ya jin inda yake sai ido ya duba. Saboda haka ko a Dragon an bar jerin maɓallai na zahiri a ƙarƙashin alluna, don ayyukan gaggawa.

Sai batun harshe. Mutum in ya firgita, harshen da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ke zuwa masa. A haɗuwar 1975 an shirya cewa Amurkawa su yi magana da Rashanci, Rashawa kuma da Ingilishi, don kowa ya ji saƙo cikin harshensa. Allon Soyuz da Rashanci yake, duk wanda zai hau sai ya koya. Sinawa kuma da harshensu suka rubuta allunan tasharsu. Ƙasashen da suka ƙera kumbo da kansu ba su yarda matuƙinsu ya tsaya fassara a lokacin hatsari ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ran 29 ga Yuni 2025 wani lauya ɗan Nijeriya, Owolabi Salis, ya leƙa sararin samaniya na 'yan mintoci a kumbon kamfanin Blue Origin. Fasinja ne, kumbon da kansa yake tuƙa kansa. Ranar da za mu sami ɗan ƙasa a kujerar matuƙi tana gaba. Amma masu tuƙi daga ƙasa muna da su tun 2003, kuma ƙa'idojin nan duka sun hau kansu: mai aikin dare yana gajiya, ido yana gajiya da kallon allo, ɗaukewar wuta da zafi da ƙurar hunturu suna taɓa na'ura da mai aiki da ita. Ya kamata hukumomin da abin ya shafa, duk lokacin da za a sayo sabon tauraro, su sa waɗanda za su zauna gaban allon a cikin shawara tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata kuma jami'o'inmu, irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su ba wannan fanni muhimmanci, yaranmu su koyi auna mutum kamar yadda suke koyon auna ƙarfe.

Mu mutanen Suleja ba baƙi ba ne ga wannan tunani. A nan garin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta yi aiki a makarantar ginin tukwane tun daga 1954. Duk maginiyar da ta san aikinta, kafin ta gina tulu ta san kan da zai ɗauke shi da hannun da zai riƙe wuyansa.

Ga 'yan'uwa da ke neman abinci a Kudu kuma, da yawanku gaban allo kuke wuni. Direban tanka da ya taso daga Apapa zai kwana biyu ko uku kafin ya iso Suleja, cikin girgiza da ƙara da rana da rashin barci, kusan duk abin da aka lissafa wa ɗan sama jannati. Mai sana'ar cirar kuɗi a kasuwar Mile 12 ko Sabo ta Badun yana danna 'yar na'urarsa a tsakiyar rana, inda sifiri ɗaya da bai gani ba zai iya cinye ribar mako. Waɗannan na'urori an ƙera su a wasu ƙasashe, da wani harshe, don wani yanayi. Kafin mu kai ga ƙera namu, akwai abin da ke hannunmu. A goge gilashin agoguna kowace safiya. In fitilar gargaɗi tana kamawa ba dalili, a kai wa mai gyaran waya ya gano dalilin, kada a manna mata takarda, kada kuma a cire ƙwan. Agogon zafi da na iskar birki in sun mutu, a gyara kafin a ɗauki lodi. Maigida ya zaunar da yaron motarsa ya koya masa ma'anar kowace fitila da Hausa. Wanda ganinsa ya fara raguwa ya je a auna masa ido, sa tabarau ba abin kunya ba ne. In barci ya zo, a faka a kwanta.

Direban da ya ɗauko ni, da muka sami ruwa muka zuba, injin ya huce, na ga ya sa farce ya ɓanɓare takardar nan ya jefar ta taga. Jar fitilar tana nan a kunne. Ya ce in mun isa Zuba zai tsaya wajen mai gyara.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.